Hunley: Tarihin Jirgin Ƙarƙashin Ruwa Na Farko Da Ya Nutsar Da Jirgin Yaƙi

A yau manyan ƙasashen duniya suna tinƙaho da jiragen yaƙi masu tafiya a ƙarƙashin teku, waɗanda kan yi watanni ba su leƙo sama ba, ɗauke da makamai masu linzami da za su iya shafe birni sukutum. Wanda ya ga irin waɗannan ƙatti da wuya ya yarda cewa kakansu wani ɗan siririn jirgi ne da bai wuce mita 12 ba, ba inji, ba lantarki, mutum bakwai ne ke juya farfelarsa da ƙarfin damtse a hasken kyandir. Sunansa H. L. Hunley. A daren 17 ga Fabrairu 1864, a gaf da mashigar birnin Charleston na ƙasar Amurka, ya nutsar da jirgin yaƙi mai suna Housatonic, abin da wani jirgin ƙarƙashin ruwa bai taɓa yi ba kafinsa. Shi ma daga wannan fita bai dawo ba. Sau uku yana nutsewa a tsawon rayuwarsa ta wata bakwai, ya ci mutum 21 daga cikin masu tuƙa shi, alhali abokan gaba biyar kacal ya kashe.

Waɗanda suka share fage

Tunanin shiga ƙarƙashin ruwa a cikin jirgi ya girmi Hunley da ƙarni biyu da ɗoriya. Tsakanin 1620 da 1624, wani ɗan ƙasar Holan mai suna Cornelis Drebbel, wanda ke hidima a fadar Sarki James na Ɗaya na Ingila, ya ƙera jirgin katako da aka lulluɓe da fata mai maiƙo, ana tuƙa shi da sanduna, ya kuma gwada shi a kogin Thames na Landan. Jama'a sun sha kallo, amma rundunar ruwan Ingila ba ta ga abin da za ta yi da shi ba. Dalilin a fili yake: mai ƙarfi a saman ruwa ba ya bukatar ɓuya a ƙarƙashinsa. Wanda aka ritsa, aka toshe masa tashoshi, shi ne ke neman hanyar da ido ba ya gani. Kusan duk jiragen da suka biyo baya daga hannun irin waɗannan mutane suka fito.

A 1775, lokacin da Amurkawa suka tashi neman 'yanci daga Birtaniya, wani ɗalibin jami'ar Yale mai suna David Bushnell ya ƙera jirgin da aka sa wa suna Turtle, wato kunkuru. Katako ne mai ƙwari aka haɗa, aka ɗaure da ƙarfe, aka shafe da kwalta. Mutum ɗaya yake ɗauka, kuma shi kaɗai zai murza farfela da hannu, ya taka bawul da ƙafa ruwa ya shigo jirgin ya nutse, ya buga famfo ruwan ya fita ya taso, duk a cikin iskar da ba ta wuce ta rabin sa'a ba. A farkon Satumba 1776, Sajan Ezra Lee ya shiga cikinsa da dare ya nufi Eagle, jirgin babban kwamandan ruwan Birtaniya da ke tsaye a tashar New York. Bisa labarin da Lee ya bayar, ya isa har ƙarƙashin jirgin, amma ƙarfen da zai huda katako ya maƙala nakiyar ya ƙi shiga. Gari ya fara wayewa, ya saki nakiyar ya tsere, ta fashe a ruwa ba ta taɓa kowa ba.

Bayan shekara 24, wani Ba'amurke, Robert Fulton, ya kai wa Faransa nasa jirgin mai suna Nautilus, a daidai lokacin da jiragen Ingila suka hana Faransawa sakat a teku. Ya gwada shi a 1800 da 1801, har ya tarwatsa wani ƙaramin jirgin gwaji a tashar Brest. Manyan hafsoshin ruwa na wancan zamani suna kallon irin wannan yaƙi a matsayin aikin matsorata, shi ya sa Fulton ya dage a ba mutanensa takardar shaidar soja, don kada in an kama su a rataye su da sunan 'yan fashin teku. Napoleon bai ba shi goyon bayan da ya nema ba, sai ya tsallaka Ingila, can ma aka sallame shi.

A Jamus kuwa, lokacin da jiragen Denmark suka killace tashar Kiel, wani ƙaramin hafsan igwa mai suna Wilhelm Bauer ya ƙera jirgin ƙarfe, Brandtaucher. Ranar 1 ga Fabrairu 1851, ana cikin gwaji, jirgin ya sulale zuwa ƙasan tashar, nauyin ruwa ya lotsa jikinsa. Bauer ya lallashi abokansa biyu su yi haƙuri su bar ruwa ya ci gaba da shigowa, har matsin iskar ciki ya yi daidai da na ruwan waje. Bayan kimanin sa'a shida murfin ya buɗu, su ukun suka taso da rai. An ciro jirgin a 1887, kuma yana nan a gidan tarihin soja na birnin Dresden.

Yaƙin basasa da ƙawanyar teku

Tsakanin ƙarshen 1860 da 1861 jihohi 11 na kudancin Amurka suka ɓalle daga tarayya. Tushen rikicin bauta ce. A lokacin akwai bayi baƙar fata kusan miliyan huɗu a ƙasar, kuma dukiyar kudu a kan gumin waɗannan bayi ta tsayu, su ke noman audugar da ake kai wa masaƙun Ingila. Charleston na jihar Carolina ta Kudu ita ce cibiyar wannan aƙida. Ta tasharta aka shigo da kusan kashi 40 cikin ɗari na 'yan Afirka da aka kawo Amurka ta Arewa a cikin sarƙa, kuma a bakin tashar tata, a kan sansanin Fort Sumter, aka harba igwar farko ta yaƙin ranar 12 ga Afrilu 1861.

Mako guda bayan haka Shugaba Abraham Lincoln ya ba da umarnin a yi wa gaɓar tekun kudu ƙawanya, gaɓar da tsawonta ya kai kilomita 5,600. Manufar ita ce kada auduga ta fita, kada bindiga da albarushi da magani su shiga. 'Yan aware ba su da rundunar ruwan a-zo-a-gani, ba su da masana'antun da za su yi gogayya da na arewa. Da tura ta kai bango, gwamnatinsu ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa: duk wanda ya nutsar da jirgin tarayya yana da lada mai tsoka. Kishin yanki da kwaɗayin riba suka haɗu wuri ɗaya.

Cikin waɗanda suka amsa kiran akwai Horace Lawson Hunley, lauya kuma jami'in kwastan a birnin New Orleans, mai gonar rake, wanda aka haifa a 1823. Shi ne mai kuɗin, masu fasahar kuwa James McClintock da Baxter Watson ne, maƙeran kayan injin tururi. Jirginsu na farko, Pioneer, an gwada shi a tafkin Pontchartrain, amma a Afrilu 1862 sojojin tarayya suka ci New Orleans, sai suka nutsar da shi da hannunsu don kada ya faɗa hannun abokan gaba. Suka koma birnin Mobile na jihar Alabama, suka ci gaba a maƙerar Park da Lyons. A jirgi na biyu sun ɓata watanni suna ƙoƙarin sa masa injin lantarki, sannan na tururi, duk abin ya faskara, suka koma ga ƙarfin hannu. Wannan ma ya nutse a farkon 1863 ana jansa a cikin igiyar ruwa, amma ba a rasa rai ba. Na uku, wanda aka saka a ruwa a Yuli 1863, shi ne ya ɗauki sunan Hunley.

Yadda cikinsa yake

Tsawonsa kimanin mita 12, amma daga ƙasa zuwa rufinsa mita ɗaya da 'yan kai ne, faɗinsa ma bai kai haka ba. Shiga cikinsa tamkar mutum ya kutsa kwalbati ne aka toshe bakunan biyu. Ƙofofi biyu ne a sama, ɗaya gaba ɗaya baya, kowace ƙunci gare ta, sai mutum ya ɗaga hannuwa sama ya zura jikinsa. Wanda ya shiga zai rarrafa ya zauna a kan benci guda da ke gefen hagu, kafaɗa na gugar kafaɗa, baya a tanƙware. A gabansu wani dogon ƙarfe mai gwiwa-gwiwa ya ratsa jirgin har zuwa farfela. Mutum bakwai ke murza shi tare, kuma in sun ba da ƙarfi jirgin kan yi tafiyar kimanin kilomita bakwai a sa'a.

Na takwas shi ne kwamanda. Yana gaba, kansa a cikin ɗan husumiyar ƙofa, yana leƙe ta 'yan tagogin gilashi. Da hannu ɗaya yake sarrafa akalar jirgin, da ɗayan kuma sandar da ke karkata fikafikan ƙarfe biyu na gefe, waɗanda ke sa jirgin ya dulmiya ko ya taso. Akwai tankin ruwa a gaba da baya: a buɗe bawul ruwa ya shiga jirgin ya yi nauyi, a buga famfo ruwa ya fita ya yi sauƙi. A ƙarƙashinsa an ɗaura tubalan ƙarfe da za a iya kwance su daga ciki in an shiga uku. Kayan aikin kwamanda kamfas ne da ma'aunin zurfi da kyandir. Kyandirin kuwa aiki biyu yake yi, yana ba da haske, yana kuma gargaɗi, domin in harshensa ya fara lumshewa, iskar shaƙa ta kusa ƙarewa ke nan.

A ƙarshen Yuli aka gwada shi a gaban manyan hafsoshi a Mobile, ya tarwatsa wani tsohon kwalekwalen dakon gawayi. Janar Beauregard, mai tsaron Charleston, ya aika a kawo masa shi da gaggawa. Aka ɗora shi a jirgin ƙasa, ya isa ranar 12 ga Agusta 1863.

Nutsewa biyu tun ba a je ko'ina ba

Da sojoji suka ga masu jirgin suna jan ƙafa wajen kai hari, sai suka karɓe shi suka damƙa wa Laftanar John Payne da sojojin ruwa 'yan sa-kai waɗanda ba su gama saninsa ba. Ranar 29 ga Agusta, yana barin bakin gaɓa a sansanin Fort Johnson da ƙofofinsa a buɗe, ya dulmiya. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira, Charles Hasker, ya ce Payne ne ya taka sandar nutsewa bisa kuskure. Shi Hasker murfin ƙofa ya danne masa ƙafa, jirgin ya ja shi har ƙasa kafin ya fizge ya taso. Mutum biyar suka mutu a ciki.

Aka ciro jirgin, aka wanke shi. Horace Hunley ya roƙi a mayar masa da shi, ya kawo mutanen Mobile da suka san kansa, cikinsu har da Thomas Park, ɗan mai maƙerar. Ranar 15 ga Oktoba 1863, Hunley da kansa ya karɓi tuƙi don gwajin wucewa ta ƙarƙashin wani jirginsu mai suna Indian Chief. Jama'a na kallo ya nutse, aka ga kumfa na tasowa, shi ke nan. Sai bayan mako uku aka iya ciro shi. An tarar ya kafa hanci a cikin laka, bawul ɗin tankin gaba a buɗe, ruwa ya tumbatsa ya malalo cikin jirgin. Hunley yana tsaye a ƙofar gaba da kyandir a hannu, Park yana ƙofar baya, dukkansu sun yi ƙoƙarin tura murfin da nauyin ruwa ya danne. An fara kwance tubalan ƙarfe na ƙasa, ajali ya riga su. Mutum takwas suka tafi. Beauregard ya ga gawarwakin da idonsa, abin ya girgiza shi, ya ce jirgin ya fi zama haɗari ga masu shi a kan abokan gaba, ya hana a sake amfani da shi.

Laftanar Dixon da ayari na uku

Mutum biyu ne suka ƙi yarda a binne maganar: Laftanar George Dixon da Laftanar William Alexander, injiniya haifaffen Ingila, dukkansu daga runduna ta 21 ta Alabama, kuma da su aka yi aikin jirgin a Mobile. Hujjarsu ita ce hatsarin biyu kuskuren matuƙa ne. Beauregard ya sassauta, bisa sharaɗin a gaya wa duk mai son shiga gaskiyar abin da ya faru da na baya. Aka je jirgin Indian Chief, wanda mutanensa suka shaida nutsewar Hunley da idonsu, aka nemi 'yan sa-kai, kuma aka samu.

An kuma sauya makamin. Da farko jirgin kan ja nakiya a bayansa da doguwar igiya, ya wuce ta ƙarƙashin abokin gaba, ita kuma ta bugi jirgin. Da igiyar ta taɓa sarƙewa nakiyar ta kusa tashi da su, sai aka koma ga sandar ƙarfe mai tsawon kimanin mita biyar da aka kafa a ƙasan hancin jirgin. A bakinta aka ɗaura tukunyar jan ƙarfe mai ɗauke da albarushi kilo 61.

Suka kafa sansani a tsibirin Sullivan, kusa da wata 'yar mashiga mai suna Breach Inlet. Cikin hunturu suka riƙa fita da dare, suna murza ƙarfe na sa'o'i, su dawo kafin asuba. Alexander ya rubuta daga baya cewa wata rana sun yanke shawarar gwada iyakar juriyarsu. Suka sauka ƙasan ruwa, da alkawarin duk wanda ya gaza ya yi magana a taso. Bayan minti 25 kyandir ya mutu. Suka ci gaba da zama a duhu, babu mai son a ce shi ya fara karaya, har suka buɗe baki kusan lokaci guda. Famfon baya ya ƙi aiki, Alexander ya kwance shi da lalube ya zare ciyawar teku da ta toshe shi. Sa'a biyu da minti 35 suka yi, har sojan da ke gadi a gaɓa ya riga ya kai rahoton sun halaka. A farkon Fabrairu aka kira Alexander Mobile don wani aiki, wannan kira ne ya tsawaita kwanansa.

Daren 17 ga Fabrairu

Sojojin tarayya ba a duhu suke ba. Waɗanda suka gudo daga Charleston sun ba su labarin jirgin, kuma tun a Oktoba wani ƙaramin jirgin tururi mai suna David ya kai wa babban jirginsu New Ironsides hari da irin wannan nakiya ta kan sanda. Saboda haka Admiral John Dahlgren ya umarci jiragensa su tsaya a inda ruwa ba shi da zurfi, su ninka masu gadi, injuna kuma su kwana da wuta.

Housatonic jirgin katako ne mai injin tururi, nauyinsa tan 1,240, tsawonsa ya haura mita 60, da igwa 12, a ƙarƙashin Kyaftin Charles Pickering. Ya jefa anga kimanin kilomita shida daga Breach Inlet. Daren akwai sanyi, teku ta kwanta, ga farin wata. Wajen ƙarfe tara saura kwata, wani mai gadi a goshin jirgin, baƙar fata mai suna Robert Flemming, ya hango wani abu na tahowa. Ya gaya wa hafsan da ke kusa, aka ce masa gungumen itace ne. Flemming bai gamsu ba, domin itace bin ruwa yake yi, wannan kuwa yana ratsa ruwan ne. Jim kaɗan hafsan da ke kan aiki, John Crosby, shi ma ya gani, ya buga ƙararrawa. Aka saki sarƙar anga, aka ba injin baya. Abin ya riga ya matso ƙwarai, bakin igwa ba ya iya sunkuyawa ya same shi, sai aka buɗe masa wuta da ƙananan bindigogi, shi kansa Pickering ya harba tasa mai baki biyu.

Hunley ya soki jirgin a gefen dama ta wajen baya. Fashewar ta ɓare ƙugun jirgin, cikin kimanin minti biyar ya zauna a ƙasa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Mutum biyar suka mutu. Da yake zurfin wurin bai wuce mita tara ba, dogayen turakun jirgin sun tsaya a saman ruwa, kusan mutum 150 suka tsira, yawancinsu ta hanyar ɗarewa kan igiyoyinsa har jirgin Canandaigua ya zo ya kwashe su. Flemming ya shaida wa kwamitin bincike cewa yana maƙale a can sama ya ga wani shuɗin haske a kan ruwa. Kwamandan sansanin 'yan aware na bakin mashigar shi ma ya rubuta cewa an ga alamar da aka yi alkawari da jirgin, an kuma amsa. Aka jira har gari ya waye, ko ƙyallin Hunley ba a gani ba.

Shekara 131 a cikin laka

An daɗe ana zaton Housatonic ya danne shi sun tafi tare. Masu nutso sun duba kewayen ba su ga komai ba. Daga baya aka farfasa ragowar Housatonic da nakiya don kada ya tare hanyar jiragen kasuwa. Sai ranar 3 ga Mayu 1995 ayarin masu nutso a ƙarƙashin Ralph Wilbanks, wanda marubucin nan Clive Cussler ya ɗauki nauyinsu, suka gano Hunley da na'urar da ke jin ƙarfe a ƙarƙashin ruwa. Wani mai binciken, Lee Spence, ya dage cewa shi ya riga ganinsa tun 1970, har maganar ta kai kotu. Jirgin yana kwance a kan gefensa na dama, kimanin mita 300 daga inda Housatonic ya nutse, ta ɓangaren teku, laka ta binne shi. Wannan laka ce ta kare shi daga ruɓewa.

Ranar 8 ga Agusta 2000 aka ciro shi. An sauke masa wani ƙaton keji na ƙarfe, aka zura madaurai ɗaya bayan ɗaya ta ƙarƙashinsa, aka ɗaga shi a karkace yadda aka same shi don kada abin da ke ciki ya motsa. Aka kai shi cibiyar adana kayan tarihi ta Warren Lasch da ke North Charleston, aka tsoma shi a tankin ruwan sanyi, domin ƙarfen da ya sha gishiri fiye da ƙarni in ya bushe farat ɗaya sai ya marmashe.

Shaidar ƙasusuwa

A 2001 aka cire wasu faifan jikinsa, masu bincike suka shiga tone lakar da ta cika shi, ɗan cokali bayan ɗan cokali. Suka sami ƙasusuwan mutum takwas, da takalmansu, da maɓallan rigunansu, da lofen taba. A kusa da ƙugun Dixon, mai jagorantar tonon, Maria Jacobsen, ta ciro tsabar zinariya ta dala 20 a lanƙwashe. An daɗe ana ba da labarin cewa a yaƙin Shiloh harsashi ya bugi wani kuɗi a aljihun Dixon ya ceci ransa, mutane na ɗaukar zancen almara. Sai ga kuɗin, an zana masa sunan Shiloh da ranar 6 ga Afrilu 1862 da haruffan sunansa, ga kuma tabon tsohon rauni a ƙashin cinyarsa ta hagu. Agogonsa na zinariya ya tsaya a ƙarfe 8:23.

Masanin ƙasusuwa Douglas Owsley na cibiyar Smithsonian ya nazarci haƙora da ƙasusuwan. Abincin ƙuruciya kan bar alama a jiki, kuma ta nan aka gane huɗu sun tashi da cin masara, wato haifaffun Amurka ne: Dixon, Frank Collins, Joseph Ridgaway da James Wicks. Sauran huɗun, Becker, Lumpkin, Carlsen da Miller, da alkama da dangoginta suka girma, baƙi ne daga Turai.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne yadda aka same su. Mutanen Oktoba sun mutu suna kokawa da ƙofa. Waɗannan kuwa kowa yana mazauninsa, babu wanda ya nufi mafita, ba a taɓa tubalan ƙarfe na ƙasa ba, ba a kuma saita famfo don fitar da ruwa daga ɗakin ba. Masana sun kasu. Wasu na ganin Dixon ya sauka ƙasa ne yana jiran ruwa ya juya ya taimaka musu komawa gida, iska ta ƙare suka sume a zaune. Wasu na ganin wani jirgin da ya zo ceto ne ya banke su. A 2013 aka gano ɓarɓashin jan ƙarfen nakiyar a bakin sandar, wanda ya nuna ta tashi ne tana maƙale, taku kaɗan daga jirgin. A kan wannan ne Rachel Lance ta jami'ar Duke ta yi gwaji da ƙaramin samfurin jirgin, ta wallafa a 2017 cewa girgizar fashewar ce ta ratsa ƙarfe ta lalata huhunsu da ƙwaƙwalwarsu nan take. Masu bincike na rundunar ruwan Amurka ba su yarda da wannan sakamako ba.

Ranar 17 ga Afrilu 2004 aka binne su a maƙabartar Magnolia, gaban dubban jama'a, kusa da Horace Hunley da mutanensa, da kuma mutum biyar na farko, waɗanda aka gano kaburburansu a 1999 a ƙarƙashin filin wasan kwalejin soja ta Citadel.

Ƙofar da ya buɗe

Darasin da injiniyoyi suka ɗauka shi ne jirgin ƙarƙashin ruwa na bukatar abu biyu: makamin da zai kai hari daga nesa, da injin da ba ya cinye iskar mutane. Na farko ya samu a 1866, lokacin da Robert Whitehead ya ƙera nakiya mai tafiya da kanta. Na biyu ya zo da batir: Faransa da Sifen sun gwada jiragen lantarki a 1888, sannan John Holland, ɗan asalin Ireland, ya haɗa injin fetur don tafiya a sama da batir don tafiya a ƙasa, rundunar ruwan Amurka ta sayi jirginsa a 1900.

Duk da haka sai da aka shekara 50 kafin a maimaita abin da Hunley ya yi. Ranar 5 ga Satumba 1914 jirgin Jamus U-21 ya nutsar da Pathfinder na Birtaniya. Ranar 22 ga watan, U-9 shi kaɗai ya nutsar da Aboukir da Hogue da Cressy da safiya guda, mutum sama da 1,400 suka halaka. Daga nan abin ya tsallaka kan farar hula. A Maris 1915 aka nutsar da Falaba na kamfanin Elder Dempster a hanyarsa daga Liverpool zuwa Afirka ta Yamma, mutum 104 suka mutu. A Mayu aka nutsar da Lusitania da kusan mutum 1,200. A Nuwamba 1917 jirgin Apapa, wanda ya taso daga Legas, ya gamu da irin wannan ƙaddara dab da isarsa Liverpool, da asarar rayuka 77.

Ga yaƙin da aka ƙera shi dominsa kuwa, Hunley bai sauya komai ba. Ƙawanyar ba ta sassauta ko na kwana ɗaya ba. Shekara guda cif bayan harin, 'yan aware suka fice daga Charleston, kuma ranar 18 ga Fabrairu 1865 sojojin tarayya suka shiga birnin, cikin sahun farko har da baƙaƙen fata waɗanda da yawansu tsofaffin bayin yankin ne. Kafin ƙarshen shekarar kundin tsarin mulkin Amurka ya haramta bauta.

Babu mai musun basirar maƙeran Mobile, babu kuma mai musun ƙarfin zuciyar mutanen da suka san jirgi ya ci rai 13 suka sake zura jikinsu a cikinsa. Amma tarihi yana tambayar abin da aka yi wa jarumta hidima da shi. Waɗannan mutane sun ba da rayukansu ne don kare tsarin da ke sayar da uwa daban, ɗanta daban a kasuwa. Basira da jarumta ba sa wanke zalunci, kuma alheri ne ga 'yan Adam da abin da suka mutu dominsa bai yi nasara ba.